Yadda za a kare mai roba a maƙogwaro daga nimoniya

Tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Ni nas ce, ba a daɗe da mayar da ni ɗakin kulawa ta musamman ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, za a kawo mutum da buguwar kai ko jijjigar haihuwa, huhunsa lafiya lau, a ɗora shi a kan injin numfashi. Bayan kwana huɗu ko biyar sai zazzaɓi ya taso, majina ta koma ruwan ɗorawa, a ce nimoniya ce. Danginsa kuma su ce sanyin ɗakin ne ya kama shi. Shin injin ne yake jawo ta? Me za mu iya yi, tunda ba mu da tsadaddun kayan da muke gani a littafi? Me ya sa ba za a ba kowa antibayotik tun ranar farko a huta ba? Na kuma ji an ce an daina wanke musu baki da kuloheksidin, ruwan maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, da gaske ne?"

Wa alaikumus salam, Sista, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki, kina son sanin dalilin da zai sa mutum ya shigo da lafiyayyen huhu ya kamu da nimoniya a hannunmu, da abin da ɗaki mai ƙarancin kaya zai iya yi a kai. Ni likitan sa barci ne, a ɗakin manya nake aiki, don haka maganata a kan manya take. Jarirai da ƙananan yara suna da nasu ƙa'idojin, kada a ɗauki lambobin da zan kawo a ɗora musu.

Ta ina cutar take shiga

Ki kwantar wa dangi da hankali, ba sanyin ɗaki ba ne. Injin ma iska kawai yake hurawa. Matsalar tana ga robar da muka zura ta baki zuwa hanyar iska, da barcin da muka sa mutum domin ya jure ta. A ƙa'ida, ciwon huhun da ya bayyana bayan robar ta yi awa 48 ko fiye shi ake lissafawa a nimoniyar injin numfashi. Wanda ya fito kafin nan yawanci da shi aka zo, kamar wanda ya shaƙi amansa a bakin titi kafin a ɗauko shi.

Allah Ya yi wa hanyar iska kariya hawa-hawa. In mutum zai haɗiyi abu, murfin maƙogwaro ya rufe, jijiyoyin murya su haɗe. In wani abu ya kuskure ya wuce, sai ya ƙware, tari ya fito da shi. Can ciki kuma akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, kullum suna tura majina sama har ta iso inda za a haɗiye ta ko a tofar. Robar tana rushe wannan duka a lokaci guda. Ta ratsa tsakanin jijiyoyin murya ta bar su a buɗe, maganin barci ya kashe tari, balan-balan ɗin da ke jikinta, wanda muke ce wa kof, ya tare majinar da ke hawowa.

Shi ma bakin ba ya zama yadda yake. A buɗe yake dare da rana, ya bushe, miyau ya ragu, ba tauna ba magana. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin bakteriya da suka saba zama a ciki su ja baya, na asibiti su mamaye haƙora da harshe da dasashi. Miyau da majinar hanci da abin da ya taso daga ciki duk su gangara su taru a saman kof. Shi kuwa kof an yi shi ya fi hanyar iska faɗi, don kada ya matse ta da ƙarfi, saboda haka in an hura shi ba ya miƙewa sumul, ninki-ninki yake yi. Kamar ledar da aka cusa a bakin tulu ne: in kin duba a toshe yake, amma ruwa na bin ninkin yana tsiyaya. Haka ruwan nan mai ɗauke da ƙwayoyi yake sauka huhu kaɗan-kaɗan, musamman in an juya mara lafiya, ko an shimfiɗar da gadon, ko iskar kof ta ragu. A cikin robar kanta wani yauƙi yana taruwa, ƙwayoyi su yi gida inda antibayotik ba ya kaiwa, kuma zuƙar majina tana iya ɓantaro shi ya faɗa ƙasa.

Kwana huɗu ko biyar ɗin da kika lura da su ba haka kawai ba ne. Binciken da Deborah Cook da abokan aikinta suka wallafa a 1998 daga asibitocin Kanada ya nuna haɗarin ya fi yawa wajen rana ta biyar, kusan kashi 3 cikin 100 a kowace rana, sannan ya sauka zuwa kusan 2 a rana ta goma, da 1 a rana ta sha biyar. Yana raguwa, amma taruwa yake yi, na yau a kan na jiya. A kwanakin farko ƙwayoyin galibi waɗanda mutum ya zo da su ne, irin su Streptococcus pneumoniae da Haemophilus influenzae da Staphylococcus aureus, kuma yawancinsu suna jin magani. Bayan nan sai 'yan gida su karɓa: Pseudomonas aeruginosa, Klebsiella pneumoniae, Acinetobacter baumannii. Wannan na ƙarshen yana iya yin makonni a busasshen wuri, a ƙarfen gado ko madannan inji, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'insa mai gagarar manyan magunguna a sahun farko na masu haɗari. Wanda ya kamu yakan ƙara mako guda ko fiye a kan inji. A wurinmu, inda dangi ke biyan kuɗin gado da oksijin da kowace allura, wannan makon shi ne yake sa a sayar da dabba ko fili.

Robar ta fita da wuri

Tunda kowace rana tana ƙara haɗari, babu rigakafin da ya kai rage kwanakin. Na farko dai, kada a sa robar in akwai mafita. Mai tsohon ciwon toshewar huhu da ya motsa, ko wanda ruwa ya taru a huhunsa saboda ciwon zuciya, sau da yawa takunkumin fuska mai matsa iska ya ishe shi. Amma mai buguwar kai da ba ya cikin hayyacinsa ba shi da wannan zaɓi, shi dole roba, domin ba zai iya kare hanyar iskarsa ba.

In ta shiga, abin da ya fi riƙe ta shi ne maganin barci. Ɗakin da kowa ya yi lamo ba mai motsi yana da daɗin aikin dare, ban musa ba. Amma midazolam da dayazifam taruwa suke yi a jiki, musamman ga tsoho da mai ciwon ƙoda ko hanta, sai a tsayar da maganin yau mutum bai farka ba sai jibi ko gata. A shekarar 2000 John Kress da abokansa a Chikago sun gwada abu mai sauƙi a kan marasa lafiya 128: kowace rana a tsayar da maganin har mutum ya farka, sannan in da buƙata a mayar da rabin adadin. Kwanakin inji suka sauka daga 7.3 zuwa 4.9. A 2008 Timothy Girard da tawagarsa suka haɗa wannan da gwajin numfashi a kan mutum 336, wato da zarar ya farka a bar shi ya ja numfashi da kansa da ɗan tallafi kaɗan. Waɗanda aka yi wa haka sun samu ƙarin kusan kwana uku ba tare da inji ba, kuma bayan shekara guda waɗanda suka rayu a cikinsu sun fi yawa.

Ga yadda muke yi. Bayan miƙa aikin safe, nas mai gadon ta duba ko akwai abin da zai hana. Ba a tsayar wa mai tetanus da yake ta sanƙarewa, ko mai jijjigar da ba ta lafa ba, ko wanda matsin cikin ƙoƙon kansa ya hau, ko wanda aka ba maganin sakin tsoka, ko wanda oksijin ɗinsa ke ƙasa duk da inji. In babu ko ɗaya, da amincewar likita a tsayar da na barci, a bar na ciwo. Ki riƙe wannan bambanci. Da yawan masu fizge-fizge ciwo ne yake damunsu, ko mafitsara ce ta cika saboda robar fitsari ta lanƙwashe, ba ƙarin barci suke buƙata ba. Nas ta tsaya a gefensa, ta kira sunansa, ta gaya masa inda yake da abin da ke bakinsa, ta ce ya matse hannunta. Wanda muke so shi ne mai natsuwa da zai buɗe ido in an kira shi, ba wanda sai an mintsine shi ba. In ya farka lafiya, likita ya yi gwajin numfashi na minti 30 zuwa awa biyu, ana kallon bugun zuciya da saurin numfashi da gumi.

Abin da ke hana ma'aikata wannan shi ne tsoron kada mara lafiya ya fizge robar, kuma tsoro ne mai dalili inda nas ɗaya take riƙe da gado uku. Sai a zaɓi lokaci: da safe, hannaye sun fi yawa, gado ɗaya bayan ɗaya, wanda zai iya mayar da roba yana kusa, kayansa a shirye. Kuma ba a gaggawar cirewa don kawai a ce an cire. Wanda aka cire wa aka sake mayarwa, haɗarinsa na nimoniya ƙaruwa yake yi. Kafin a cire a duba ko tarinsa yana da ƙarfi, da yawan majinar da ake zuƙowa. A tsakani, 'yan fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa jiki, su riƙa motsa masa gaɓoɓi, wanda ya iya a zaunar da shi bakin gado ko da robar tana nan. Tsokar da ta daɗe a kwance ba ta iya ɗaukar numfashi.

Gado da kof

A 1999 Drakulovic da wasu masu bincike a Barcelona ta Sifaniya sun raba marasa lafiya 86 gida biyu, wasu a shimfiɗe, wasu an ɗaga musu sama. Cikin na shimfiɗe kashi 34 cikin 100 aka yi zargin sun kamu, cikin na kishingiɗe kashi 8, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Daga nan aka samo digiri 30 zuwa 45 da kike gani a littafi. Sai dai a 2006 wasu masu bincike a Holan sun yi niyyar riƙe digiri 45 suna aunawa dare da rana, suka tarar a kashi 85 cikin 100 na lokacin gadon bai kai ba. Ido yana ruɗi. Abin da muke gani mu ce 30 ne, sau da yawa 15 ne ko 20.

Ba sai an sayi ma'auni ba. A digiri 30, tsayin da ƙarshen allon bayan gado ya tashi rabin tsawon allon ne. In allon santimita 80 ne, ƙarshensa ya tashi santimita 40 daga shimfiɗa. A auna sau ɗaya da tef ɗin tela, a manna filasta a bango ko a ƙarfen gado daidai wurin, kowa ya riƙa mayarwa nan. Filo uku a ƙarƙashin kai ba ɗagawa ba ce, lanƙwasa wuya ce kawai, ciki yana nan a shimfiɗe. A ɗan ɗaga gwiwoyi don kada ya zame ƙasa, a riƙa duba bayan ƙugu saboda gyambon kwanciya. Inda aka fi mantawa shi ne bayan wanka, bayan canza zanin gado, bayan ɗaukar hoton ƙirji. Mai karayar ƙashin baya ba a naɗe shi, sai dai a karkata gadon gaba ɗaya, kai sama ƙafa ƙasa. Wanda jininsa ya faɗi ƙwarai ana iya shimfiɗar da shi, amma na ɗan lokaci.

Shi kof ana son matsinsa tsakanin santimita 20 zuwa 30 na ruwa. Ƙasa da 20 yoyo ya ƙaru. Sama da 30 jini ya daina gudana sosai a bangon hanyar iska, ya yi miki, bayan watanni mutum ya dawo hanyar ta ƙuntata. Latsa 'yar balan-balan ta waje, wadda ke haɗe da kof, da yatsa a ce "ya yi" ba awo ba ne, ko a hannun wanda ya daɗe a aikin, kuma kuskuren ya fi karkata ga cikawa fiye da kima. In ba ku da ma'aunin kof, agogon na'urar awon hawan jini ta hannu yana aiki: a haɗa shi da famfo mai baki uku da sirinji, a nemi lamba 15 zuwa 22 a jikinsa, daidai yake da 20 zuwa 30 ɗin can. A auna a kowane duti, da bayan an juya mara lafiya sosai, da bayan an dawo da shi daga tiyata ko ɗaukar hoto. Kuma kafin a shimfiɗar da gado, ko a sassauta kof, ko a gyara zurfin roba, a fara zuƙe abin da ya taru a baki da can lungun maƙogwaro. Wannan ɗabi'a ɗaya ba ta cin ko sisi, kuma ita na fi sa wa ido a zagaye.

Akwai robar da aka yi wa 'yar ƙofa a saman kof don zuƙe ruwan da ya taru a wurin. Tana rage yawan kamuwa, amma ba a tabbatar tana rage kwanakin inji ko mutuwa ba. In akwai ta, a sa wa wanda ake ganin zai wuce kwana biyu ko uku. Ba a cire roba mai aiki don a musanya da ita.

Maganar baki da kuloheksidin

Abin da kika ji yana da tushe. Shekaru da dama wanke baki da kuloheksidin yana cikin jerin ayyukan da ake koya wa kowa. A 2014 aka sake tattara gwaje-gwajen da aka yi, Michael Klompas na Harvard da abokansa a gefe guda, wasu masana a Ingila a ɗaya gefen. Abin da ya fito shi ne, in an cire masu tiyatar zuciya, amfanin bai kai yadda ake zato ba, kuma akwai alamar mutuwa ta ɗan fi yawa cikin waɗanda aka yi wa amfani da shi. Ana zargin ɗan abin da ke tsiyaya zuwa huhu yana yi masa illa, mai ƙarfin kuma yana sa miki a baki. Alama ce, ba hujjar da ta yanke magana ba, amma ta isa ta sa ƙungiyoyin masana hana yaɗuwar cuta a asibiti na Amurka, a jagoransu na 2022, suka ce a riƙa goge haƙora da buroshi ba tare da kuloheksidin ba. A ƙarshen 2023 kuma aka tattara gwaje-gwaje 15 a kan buroshi kawai, aka ga nimoniya ta ragu, mutuwa a ɗakin kulawa ta musamman ma ta ragu, kuma sau biyu a rana ya yi daidai da fiye da haka. Ni ina bayan buroshi. Amma kada ki canza ke kaɗai a dutinki, ki kai maganar taron ɗaki a sauya tsarin gaba ɗaya. Wannan kuma bai shafi kuloheksidin na goge fata kafin tiyata ko na cibiyar jarirai ba, waɗannan suna nan daram.

Wankin bakin kansa yana da yadda ake yi, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Auduga a bakin almakashi a shafa leɓe sau biyu ba ta cire komai, dauɗar haƙora a manne take, sai an goge. Mutum biyu sun fi, ɗaya ya riƙe roba. A wanke hannu, a sa safar hannu, a tabbatar kof ya cika, gado a ɗage, a ɗan karkata kan gefe in wuya lafiya yake. A zuƙe bakin tukuna. A ɗauki ƙaramin buroshi mai laushi, irin na yara, domin babba ba ya shiga bayan roba. Man goge baki ɗan kaɗan, wanda ba ya kumfa sosai, ko tsabtataccen ruwa kawai. A bi haƙora ciki da waje, da inda suka haɗu da dasashi, da harshe, da jikin robar, kamar minti biyu. Ana ɗauraya da sirinji kaɗan-kaɗan ana zuƙewa a take, kada ruwa ya taru. A mayar da robar ɗaya gefen bakin, a duba lambar da ke daidai haƙora ba ta canza ba, a shafa wa leɓe mai. Buroshin nasa ne shi kaɗai, a wanke a bar shi ya bushe a tsaye, ba a cikin leda ba. Tsakanin gogewa, duk awa biyu zuwa huɗu a jiƙa bakin a zuƙe. Mai matsalar zubar jini a yi masa a hankali, a tambayi likita tukuna.

Sai dangi. Za su zo da zamzam ko rubutu ko zuma, suna so a ɗiga a baki, kuma da kyakkyawar niyya suka zo. In kika hana su da faɗa, za su jira ki juya baya. Ki nuna musu robar, ki ce duk abin da aka zuba a bakin nan huhu zai iya gangarawa. Su shafa masa a goshi da hannaye, su yi masa addu'a a kunne, muryarsu ma taimako ce wajen farkar da shi. In akwai abin da suka dage sai ya shiga ciki, likita ne zai ce ko za a iya bi da shi ta robar abinci.

Hannu, tiyo da abinci

Acinetobacter ba ya tashi sama, mu muke ɗaukarsa daga gado zuwa gado. Sanitaiza a kowane gado, a murza daƙiƙa 20 zuwa 30, ko sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60 in hannun ya ɓaci, kafin a taɓa roba da bayan an taɓa. Safar hannu ɗaya da aka zaga ɗaki da ita ta fi hannu tsirara haɗari, domin mai ita yana jin a tsare yake. Wannan doka har da manyan likitoci, kuma nas tana da ikon miƙa musu kwalbar.

Tiyon injin ba a canza shi don kwana sun cika, sai in ya yi datti a ido ko ya lalace, ko za a ɗora sabon mara lafiya. Yawan buɗe shi ne yake kawo cuta. Ruwan da ke taruwa a cikinsa cike yake da ƙwayoyi, don haka kafin a juya mutum a zubar da shi waje, kada a ɗaga tiyon ya kwarara cikin huhu. Tulun jiƙa iska da kofin turara magani, ruwan allura ake zuba musu, ba na famfo ba. Zuƙar majina sai in akwai alama, ba don agogo ya buga ba, kuma ba a zuba ruwan gishiri cikin roba a matsayin al'ada. Na sha ganin siririyar robar zuƙa guda ɗaya a tsome cikin kwalbar ruwa tun safe, ana shiga baki da ita ana shiga huhu. Na san tsada ce take jawo haka, amma ta baki daban ta huhu daban, kuma ta huhu sabuwa kowane shiga. Jakar hura iska da ƙarfen haska maƙogwaro su ma a tsabtace su tsakanin mutum da mutum.

Abinci ta robar ciki a fara da wuri, cikin kwana ɗaya ko biyu in hanji yana aiki, bayan an tabbatar robar a ciki take. Wani gwaji a Faransa a 2013 ya nuna daina zuƙo ragowar abinci ana aunawa bai ƙara nimoniya ba. Abin lura shi ne amai da kumburin ciki.

Me ya sa ba antibayotik ga kowa ba

Saboda ba ya toshe yoyon. Zai kashe ƙwayoyi masu sauƙin kai, ya bar wa masu taurin kai fili, sai nimoniyar ta zo a rana ta bakwai maimakon ta huɗu, da ƙwayar da maganinta ya ninka tsada, wani lokaci ma yana taɓa ƙoda. Ga gudawar da antibayotik ke jawowa. Kuma ƙwayar ba ta tsayawa a gado ɗaya, ɗakin take gada.

Amma akwai togiya, kuma ta shafi irin marasa lafiyarki. A 2024 aka wallafa wani gwaji daga Faransa a kan masu raunin ƙwaƙwalwa da suka suma: allurar antibayotik ɗin seftiriyazon giram 2, sau ɗaya tak, cikin awa 12 da sa roba. Nimoniyar makon farko ta sauka daga kashi 32 cikin 100 zuwa 14. A 2023 wani gwajin, shi ma a Faransa, ya turara antibayotik ɗin amikasin na kwana uku ga waɗanda suka riga suka yi kwana uku a kan inji, kamuwa ta sauka daga kashi 22 zuwa 15, sai dai ba a ga bambanci a mutuwa ba. Na farkon ya cancanci likitocinku su zauna a kansa. Amma a Turai aka yi shi, inda ƙwayoyi masu gagarar magani ba su kai namu yawa ba, kuma allura ɗaya aka ce, ba mako guda ba. Mu kuwa da yawan waɗanda ake kawo mana, tun daga ɗakin haɗari an riga an ɗora su a kan seftiriyazon ba ranar tsayawa.

In ana zargin an kamu, zazzaɓi shi kaɗai ba nimoniya ba ne, launin majina ma haka. A duba maleriya, fitsari, robar jijiya, gyambo, kuma buguwar kai kanta tana sa zazzaɓi. Abin da ke ƙarfafa zargi shi ne buƙatar oksijin ta ƙaru, sabon tabo ya fito a hoton ƙirji, majina ta ƙaru ta yi kauri, ƙwayoyin jini farare sun hau ko sun faɗi. A ɗebi majina daga cikin roba a kai lab kafin allurar farko, a sake zama bayan kwana biyu ko uku a rage maganin bisa sakamako, ko a tsayar in ba ita ba ce. Ga yawancin mutane kwana bakwai sun isa. Tun 2003 Jean Chastre da abokansa suka nuna kwana 8 bai gaza kwana 15 ba.

Ban ga ɗakinku ba, don haka ku ne za ku san wanne daga cikin waɗannan ya fi rauni a wurinku, kuma ƙidaya ce za ta nuna muku. A ajiye littafi guda, kowace safiya a rubuta mutum nawa ne a kan inji, a kuma rubuta duk wanda ya kamu. A ce a wata ɗaya jimillar kwanakin inji 120 ne, mutum uku suka kamu, sai a raba 3 da 120 a ninka da 1,000, ya ba da 25. Wannan lambar ita ake kwatantawa wata bayan wata. Sai dai tana da sauƙin yi wa kwalliya, tunda likita biyu za su kalli hoto ɗaya su saɓa, shi ya sa ma a 2013 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta canza yadda take ƙidaya. Don haka ku haɗa da abubuwan da ba a iya musu a kansu: kwana nawa kowa ya yi da roba, kwana nawa ya yi a kan antibayotik, da gadaje nawa aka tarar a kan filastar bango in an shigo ba sanarwa da ƙarfe uku na dare.